Jegon Figaggiya

Jama'a, kafin komai, ke da kika rubuto mini cewa ƙarya nake shararawa, wai babu kyanwa marar gashi a duniya, je ki tambayi wayar da ke hannunki. Ni ba a hoto na gan ta ba. Goya ta na yi kwana arba'in da uku a bayan nan nawa, a cikin garin Tawa, har aurena ya kusa mutuwa tun ba a ɗaura shi ba.

Ga wanda yau ya fara shigowa, sunana Zalika. A shekarar farin 1984, zamanin soja, ina da shekara ashirin da ɗaya. Babana, Malam Illa, kuku ne a gidan wani likita Bature da ya zo aikin ciyar da yara. Ni kuma ina yi wa matar likitan guga, ita tana koya mini ɗinki a kekenta. Madam muke ce mata.

Saurayina Attahir malamin dabbobi ne, an tura shi Tebaram. Dogo ne, gashi tuli guda a ka irin na samarin lokacin, ga wando mai faɗin ƙafa da sarƙar mobilet ɗinsa, wato ɗan babur, ta cinye har sau biyu amma ya ƙi daddara. Maraya ne, ƙanwar babansa Gwaggo Azumi ta Kalfu ce ta raine shi, kuma abin da ta ce shi ake yi. An kai gaisuwa, an sa rana sai bayan sanyi. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba, ko ƙarar mobilet ɗin wani na ji sai na gyara ɗaurin kallabi.

To, Madam tana da wata halitta da ta zo da ita daga ƙasarsu a cikin kwando. Ranar da na fara ganin ta na jefar da dutsen guga na yi waje. Kyanwa ce, amma ko silin gashi babu, har gashin baki. Fatarta ja-ja-ja, duk tamoji, ga kunnuwa fato-fato, ga idanu kore. Na tambayi Madam ko ƙonewa ta yi, ta ce a'a, haka irinsu suke, kuma masu tsada ne. Na ce a raina, lallai Turawa ba su da abin yi da kuɗi. Wani dogon suna take kiran ta da shi, amma Innata na ganin ta ta ce figaggiyar kaza, shi ke nan suna ya bi ta: Figaggiya.

Da sanyi ya fara shigowa, sai cikin da Madam ke ɗauke da shi ya zo da matsala, aka ce sai likitan ya kai ta ƙasarsu da gaggawa. Tana kwance a bayan mota ta riƙe hannuna tana kuka, ta ce wata uku za ta dawo, in riƙe mata Figaggiya kamar 'yata. Na ce na ɗauka. Ta bar mini keken ɗinki, da rediyo mai cin kaset, da kwalin sardin da madarar gari, da takarda shafi biyu da faransanci. Albarkacin shekara shida da na yi a lakkol, wato makarantar boko, na karanta, na kama kai.

Ashe rashin gashi aiki ne. Maiƙon da gashi ke shanyewa a jikin sauran kyanwoyi, ita a fata yake taruwa, duk inda ta kwanta sai ta bar shaida ruwan ƙasa. Don haka safe da yamma a goge ta da tsumma da ruwan ɗumi, ran Juma'a kuma wanka sosai da sabulu marar ƙamshi. A share kunne da auduga, a bi tsakanin yatsu. Rana na ƙona ta, sanyi na sa ta makyarkyata. Ga ci kamar gara, don wai da abinci take ɗumama jikinta. Kuma jikin nata zafi rau, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Ku tuna shekarar da nake magana. Mata na kafa layin bokiti a famfo tun da asuba, mutanen ƙauye sun cika bakin gari da buhuna a ka, kowa jar dawar taimako yake tuƙawa. Baba ya tara mu ni da Inna a tsakar gida, ya yi ƙasa da murya.

"Ku jiya da kyau. Mutane na cin dussa, mu muna ba mussa sardin, muna yi mata wanka. In maganag ga ta hita, ba mu da idon kallon kowa garin ga. Ba mai sanin abin da ke ɗakin can. Kun jiya?"

Muka ce mun ji. Mussa dai ita ce kyanwa a bakinmu na Adar. Ruwan wankana na riƙa rabawa biyu, rabi nawa rabi nata, wanda ya rage a tasa in wanke tsummoki da shi.

Matsalar ita ce Figaggiya ba ta san zaman kaɗaici ba. Ina fita daga ɗaki za ta ɓare baki, wani kuka siriri mai tsawo, inyaa, inyaa. Sai na gano in na goya ta da zane na rufa mayafi a kai, shiru kake ji, barci take har da minshari. Haka nake shara, haka nake daka. Na daina zuwa famfo, na daina zuwa biki. Ragowar atamfofin Madam na yanka na ɗinka mata 'yan riguna guda biyar masu hannu, har da mai ruwan ƙwai da na yi wa bakin leshi. In na wanke sai in shanya su a igiya reras, ina kallo ina jin daɗin hannuna.

Kuma in faɗa muku gaskiya, na fara son abar. In ta ɗora wannan kan nata mai tamoji a wuyana tana gurnani, sai in ji tausayinta. Ita ma baƙuwa ce, uwar ɗakinta ta tafi, ga ta tsirara a garin mutane.

Abin da na manta shi ne Ladi mai ƙosai. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma damina uku da suka wuce kusurwar katangar ta zube kaɗan. Ladi tana da turmi. In ta kife shi ta hau, har cikin randarmu tana gani.

Yanzu ku tsaya a kan turmin Ladi ku duba da idonta. Budurwa mai aiki gidan Bature ta daina fita kwatsam, daidai lokacin da Turawan suka bar gari ba sallama. Hayaƙin dafa ruwa safe da yamma. Kukan inyaa-inyaa. 'Yan riguna a igiya. Goyo a rufe da mayafi. Inna kuma saboda sanyi ta tsiri dama kunun kanwa, wanda kowa ya san na masu jego ne. Sannan wata Juma'a Ladi ta hango ni na tsuguna gaban tasa, ina cuɗa wani ɗan baya ja mai tamoji, ina ce masa yi haƙuri, yi haƙuri, an kusa gamawa. Ko ni ce a kan turmin nan, wallahi abin da zan ce ke nan.

Mu a gida ba mu san wainar da ake toyawa ba. Baba dai ya ce mutane sun rage ba shi hannu a masallaci, ya ɗauka tsoron mura ne.

Ranar Laraba bayan la'asar direban kamiyon da ke kai dusar dabbobi Tebaram ya yi sallama ya miƙa wa Baba kaset. Ku 'yan yanzu da kuke danna waya ku aika murya, mu kaset ne saƙonmu. Attahir yakan sayi kaset ɗin kiɗa ya shafe ya ɗora maganarsa a kai, direban ya ba ni a hannu. Ranar sai ya tarar da Baba a ƙofa. Baba kuwa tun da rediyon Madam ya shigo gidan ya zama ɗan gata, ya ga hoton makaɗi a jikin kwali, ya baje tabarma, ya ɗora shayi, ya ƙure murya.

Aka fara da tari. Sai kukan akuya. Sai:

"Alo. Alo. Ya kama? To. Zalika, ni na, Attahir."

Ina bakin murhu da goyona. Na yunƙura in kashe, Baba ya ɗaga mini hannu.

"Zalika, Gwaggo ta aiko min da magana. Ta ce garin Tawa duka an san kin haihu. Wai jinjiri ja, ɗan Nasara, kuna ɓoyo nai ɗaka. Kwana ukku ban ci abin kirki ba. Jiya raƙumi guda sau biyu ni yi mai allura, mai shi na ta godiya." Akuyar ta sake kuka. "Ni ban sani ba. Zuciyata ta ce ƙarya ta. Amma in gaskiya ta, don Allah kar ki yi ma kanki komi, kuma kar ki bari a yada shi. Gwaggo ta ce a maido kaya. Ran Juma'a muna zakuwa ni da ita. Ni dai ban janye ba. Shi ke nan. Ƙaƙa aka kashe abin ga..."

Sai makaɗin da aka shafe rabinsa ya ci gaba daga tsakiyar waƙa.

Shayi ya tafasa ya kashe gawayi, ba wanda ya motsa. Inna ta dafe ƙirji tana salati. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Sunana ne ake yawo da shi a famfo da kasuwa kusan wata guda, ina nan ina yi wa kyanwa leshi. Kuma abin da ya fi ci mini rai, wai "in gaskiya ta". In! Ni Attahir zai yi wa in?

Baba ya miƙe, hularsa a karkace.

"Kwance ta! Yanzu-yanzu in sa ta buhu in kai ta bayan dutsi. Masihwa ta, tun ranar da ni gane ta ni san masihwa ta!"

"Baba amana ta," na ce. "Ko awa guda ba ta yi cikin rana."

"Amana ta hi aurenki? Ta hi mutuncina?"

Ni 'yar fari ce, Inna ba ta kiran sunana, ba ta kuma sa baki a maganata ko da za a yanka ni. Amma ranar ta juya wa Baba baya, ta fuskanci randa, ta yi magana kamar da randar take.

"In anka yada ta, mi za a gwada ma mutane ran Juma'a? Ɗaki wayam da 'yan riguna? Sai su ce jinjirin munka yada."

Baba ya gyara hularsa. Ya koma ya zauna. Wato halittar da ta jawo mini abin kunya, ita kaɗai ce shaidata a duniya. Daga ranar har Juma'a Baba da kansa yake leƙowa yana tambaya, "Ta ci? Ba ta yi atishawa ba dai?"

Juma'a da hantsi na yi mata wankanta, na share kunnuwa, na sa mata mai ruwan ƙwai. Ni kuma na ɗaura atamfata shuɗiya mai zanen fanka, na sa 'yan kunnen azurfa da Attahir ya saya mini a hannun Buzaye, na zizara kwalli. In za a fasa aurena, a fasa ina da kyau.

Sai ga ƙarar mobilet. Gwaggo Azumi ta shigo tana dogara sanda, don ciwon gwiwa ya daɗe yana cin ta, baƙin mayafi har ƙasa, fuska ba annuri. Attahir na biye, ya rame, gashin nan ya yi buɗu-buɗu. Kafin su gama sallama sai ga Ladi, wai ta zo aron ludayi. Mai sayar da ƙosai shekara goma, ba ta da ludayi.

Inna ta shimfiɗa tabarma, Gwaggo ta ƙi zama.

"Ba zama ya kawo ni ba. Illa, mun yi zaton gidan mutunci munka shigo. Ke ɗiyag ga, mi na na bayanki? Kwance in gani da idona."

Na yaye mayafi, na sassauta zane, na juyo da ita gaba. Kai ya fara fitowa. Sai kunnuwa suka miƙe, ɗaya bayan ɗaya. Figaggiya ta buɗe koren idonta ta dubi Gwaggo, ta yi hamma har ana ganin fiƙoƙi.

Ladi ta kurma ihu ta yi zaure, ta bar takalmi ɗaya. Gwaggo ta saki sanda ta zube daɓas a kan tabarmar da ta ƙi, tana a'uziyya.

"Wanga wane irin ɗa na? Illa! Da mi ɗiyarka ta gamu?"

"Mussa ta, Gwaggo," na ce.

"Mussa? Wa ya hige ta?"

"Haka Allah Ya yi ta."

"Kar ki yi ma Allah ƙarya! Attahiru, kai ad da karatun dabba. Duba min."

Bawan Allah ya matso kamar mai tafiya a kan ƙaya. Ya ɗaga rigar, wutsiya ta zubo, doguwa siririya kamar ta gafiya. Ya buɗe baki ya duba haƙora, ya matsa tafin ƙafa farata suka fito, ya shafa fata yana neman ƙazuwa ko kirci. Ina kallon kafaɗunsa sun fara rawa.

"Gwaggo," ya ce, muryarsa na karyewa, "mussa ta. Macce. Lahiya tata lau, ta ma hi ni."

Sai ya tsuguna a wurin ya fashe da dariya, hawaye na zuba, har ban san ko dariyar ce ko kuka ba. Ni ban yi dariya ba. Ina riƙe da "in" ɗina.

Figaggiya kuwa an tuɓe ta, iska ta taɓa ta, ta duba ina ne ya fi ɗumi. Ta sauka ta taka a hankali ta haye cinyar Gwaggo, ta naɗe a kan gwiwar nan mai ciwo. Gwaggo ta sandare, hannuwa a sama.

"Ku ɗauke... ku ɗauke min..." Sai ta tsaya. "Kai. Zahi gare ta." Ta sauke hannu ɗaya, ta taɓa da ɗan yatsa. "Ku bar ta tukuna."

Ta sa aka kira Ladi, ta wanke ta tas, ta ce yadda ta bi gida-gida da labarin farko haka za ta bi da na biyu, kuma ta fara da famfo. Sannan ta juyo kan Baba ta ce in dai kyanwa ce, mene ne na ɓoyo? Baba ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya: sardin, madara, ruwan wanka.

Gwaggo ta juya ta dubi randarmu.

"Shanu goma sha biyu gare ni bara," ta ce. "Yanzu igiyoyinsu ɗai ni aje." Ta dube ni. "Ruwan wa kika yi mata wanka da shi?"

"Nawa, Gwaggo. Rabawa nika yi."

"Don mi?"

"Mai ita na kuka ta ba ni. Ni ce na ɗauka."

Ta dubi abar da ke cinyarta, ta yamutsa fuska. "Ban taɓa ganin abu mummuna kamar wanga ba. Kuma kin goya shi kwana arba'in." Ta gyara zama. "Attahiru ma haka ni karɓe shi, duk ƙashi da kunnuwa. Rana na nan inda anka sa ta."

Inna ta juya ta fuskanci randa, na ga tana share ido da bakin kallabi.

Da za su tafi Attahir ya tsaya a zaure, na fito da fushina cikakke, na harɗe hannu.

"Wato ka yarda."

"Ban yarda ba."

"Ka ce in. Na ji da kunnena. Baba ma ya ji, da akuyarka."

"Zalika, ina Tebaram, ba ki aiko komi ba wata guda..."

"An hana ni! Kuma ko shekara ni yi shiru, ni za ka yi ma in?"

Ya sa hannu aljihu zai ciro hankici ya share gumi, sai wani abu ya biyo hankicin ya faɗo ƙasa. Ya yi wuf zai take, na riga shi. 'Yar hula ce ta ulu, saƙar hannu, fara da ratsin kore, ko dunƙulen hannuna ba za ta rufe ba.

"Mi na na?"

Ya kalli bango, ya kalli mobilet, ya sosa wannan tulin gashin.

"Kasuwar Tebaram ni gane ta. Ni ce... in ma akwai shi, sanyi aka yi. Kuma ba shi da laihi."

Jama'a, na so in ci gaba da fushi, Allah Ya sani na yi ƙoƙari. Mutumin nan ya hau mobilet tun daga Tebaram, bai san ko zai tarar da abin da zai sa garin Tawa ya yi masa dariya har ya mutu ba, amma ya tsaya a kasuwa ya zaɓi hula. Na zauna a dakalin zaure na yi kukan da ban yi ba ranar kaset. Shi kuma ya tsaya a kaina yana cewa, "To mi ni yi kuma?"

Da na gaji na shiga ciki na ɗauko almakashi, na huda hular wuri biyu, na je na sa wa Figaggiya, kunnuwa suka fito ta ramukan cif. Na miƙa hannu in ɗauke ta daga cinyar Gwaggo, don lokacin cin abincinta ya yi.

Gwaggo ta buge mini hannu.

"Shekara bakwai gwiwag ga ba ta yi shiru ba sai yau," ta ce. "Haɗo min rigunanta da sardin ɗin. Kalfu za mu."